Minti Goma na Wasa a Ajin Faransanci Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

A taron iyaye da malamai na ƙaramar sakandaren da 'yata take, wani dattijo ya miƙe ya kai ƙarar malamar Faransanci. Ya ce ya zo wucewa ta bayan taga ya ji aji ya kaure da shewa da tafi. Da ya leƙa sai ya ga yara sun kasu gida-gida, Malama na tsaye riƙe da wani buhu, ana ta cankar abin da ke ciki. Ya ce shi karatu ya kawo ɗansa. In wasa ne ga dandali nan a unguwa, kuma can ba a biyan kuɗin zango. Mutane da dama suka gyaɗa kai. Shugaban makarantar kuwa, maimakon ya tsaya wa malamarsa, cewa ya yi, "Alhaji, a yi haƙuri, za a ja mata kunne."

Dattijon bai yi laifi ba. Uba ne, da guminsa yake biya, yana da ikon tambaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk zauren nan ba wanda ya ce, to da wane harshe yaran suke cankar? Da Faransanci suke yi. 'Yan aji biyu, waɗanda a gida ba mai ce musu ko sannu da harshen nan, suna rige-rigen ɗaga hannu su yi tambaya da shi. A kan wannan ne aka ce za a ja kunne.

Ra'ayina a fili yake. Wasan kalmomi na minti goma a darasin baƙon harshe, ko Faransanci ne ko Turanci ko Larabci, karatu ne cikakke. A irin azuzuwanmu masu cunkoso kuwa, yana cikin 'yan hanyoyi ƙalilan da ke sa yaro ya buɗe baki. Malamin da ke yin sa da tsari yabo ya cancanta. Akwai masu ja, wasu hujjojinsu ma da nauyi, kuma zan bi su.

Ajin da ba mai kai ƙararsa

Malami ya shigo, yara su miƙe su ja "Bonjour Monsieur" da murya ɗaya. Ya juya musu baya ya cika allo da jerin aikatau: ni, kai, shi, mu, ku, su. Yara su duƙa su kwafe. Ya karanta su amsa baki ɗaya, na bencin baya kuwa leɓe kawai suke motsawa. A buga ƙararrawa, monita ya miƙa sunayen masu surutu. Aji tsit, littafi cike da rubutu, kowa ya gamsu an yi karatu.

Shekara uku ana haka. Sai yaro ya gama aji uku, ka kai shi Jibiya ko Maigatari ko Illela, inda 'yar tafiya kaɗan ta raba shi da Nijar, ka miƙa masa takardar da jami'in kan iyaka ya bayar ka ce ya karanta maka, ya sunkuyar da kai. Tun 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya. Duk ƙasashe huɗun da muke iyakar ƙasa da su, Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, da shi ake aikin ofis. Ko Nijar da ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025 ta bar Faransanci cikin harsunan aiki. Mutum nawa ne cikin waɗanda suka bi ta ajin nan za su iya haɗa jimla uku a jere? Kowa ya duba gidansu.

Ba kan yaran ne ba ya ja ba. Yaron da ya tashi da Hausa da Fulatanci, ko Hausa da Barbarci, ya kuma haddace izu biyar kafin ya shiga sakandare, ba ka isa ka ce ba ya ɗaukar harshe ba. Lissafi ne ya ƙi. Darasi minti 40 ne. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 zuwa 40, amma a makarantun gwamnati na manyan biranenmu aji mai yara 80 ba abin mamaki ba ne. Ko da malami bai ce uffan ba, ya raba musu lokacin daidai wa daida, sakan 30 kowa zai samu. A zahiri malami ne ke cinye mafi yawa, ragowar kuma 'yan biyar ɗin nan na bencin gaba su raba.

Sannan ga tsoro, wanda shi ne babban ciwon. Yaronmu ya gwammace ya sha bulala da a yi masa dariya a gaban sa'anninsa. Ya taɓa ganin wani ya miƙe ya kwaɓa, aji ya kwashe da dariya, malami ma ya taya, kalmar da ya kwaɓa ta zama sunansa har ya bar makarantar. Daga ranar ya gane cewa wanda bai yi magana ba ba a kama shi da kuskure. Yarinya kuwa abin ya ninka, don an tashe ta a kan cewa ɗaga murya a gaban maza rashin kunya ne. Haka za su zauna, suna da amsar a ciki, bakin a rufe.

Abin da ke cikin buhun

Na sa 'yata ta yi mini bayanin wasan dalla-dalla. Malama kan zo da buhu ta zuba 'yan tarkace daga gida: cokali, makulli, albasa, sabulu, mataji, kwalbar da ba komai. Duk sunayensu an yi su a darasin makon jiya. Ta sa hannu ta riƙe ɗaya ba ta fito da shi ba. Kowane layin benci gida ne, kuma gida yana da tambaya ɗaya a zagaye, amsar kuwa i ko a'a ce kawai.

Wani ya ce, "Ça se mange ?", wato ana ci? Malama ta ce, "Non, ça ne se mange pas." Layi na biyu su haɗa kai suna raɗe-raɗe, sai wata ta miƙe: "C'est en fer ?", na ƙarfe ne? "Oui." Nan sai aji ya motsa, don kowa ya san saura cokali da makulli. Wani yaro daga baya, wanda ba a taɓa jin muryarsa ba, ya kasa daurewa ya ɗaga murya, "C'est un clé !" Ya yi kuskure, don a Faransanci makulli mace ce. Malama ba ta tsaya a kan kuskuren ba. Ta fito da makullin ta ɗaga sama ta ce, "Oui ! C'est une clé !" Layinsu ya ɗauki tafi. Yaron ya ji daidan, ya ci maki, ba wanda ya yi masa dariya, don hankalin kowa na kan makin.

A duba abin da ya faru a mintocin nan. An yi tambaya, an yi korewa, an ambaci launi da girma da abin da aka ƙera kaya da shi. Yara 80 sun kasa kunne ga kowace jimla, domin wanda bai ji amsar wani gida ba zai ɓata tambayar gidansu. A darasin kwafe allo, yaushe rabon da yaro ya kasa kunne ga abin da ɗan'uwansa ya faɗa?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san ba a miƙa wa sabon yaro shaddar mutane. Takardar siminti ake ba shi, ya yanka, ya ɗinka, ya ɓata, ya sake, ba mai faɗa, har ƙafarsa ta saba da keke. Wasan kalmomi shi ne takardar simintin mai koyon harshe. Mu kuwa mun hana yaro takardar, sai ranar jarrabawa mu miƙa masa shadda.

Masu bincike ma sun gwada wani ɓangare na wannan. A 2008 wasu masana biyu a Amurka, Jeffrey Karpicke da Henry Roediger, sun ba ɗaliban jami'a kalmomin Swahili 40 da ma'anarsu su koya. Wasu aka ci gaba da tambayarsu kalmomin a kai a kai ko bayan sun iya, wasu kuwa da sun canki kalma sau ɗaya sai a daina tambayarsu ita. Bayan mako guda, waɗanda aka yi ta tambaya sun tuna kusan kashi 80 cikin ɗari, ɗaya ɓangaren kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku kawai, har da waɗanda aka bari suna ta sake karanta kalmomin. Ma'ana, lalubo kalma daga ka shi ke kafa ta, sake kallonta a takarda bai kai shi ba. Kuma wasan canka ba komai ba ne illa lalubo kalma daga ka, sau da yawa, ba tare da yaro ya ji ana yi masa gwaji ba.

"Wasa daban, karatu daban"

Wannan ita ce hujjar da ta fi kama zuciyar iyaye, kuma na fahimce ta. Mun tashi a kan cewa ilimi wahala ne, sai an sha wuya ake shan daɗi, malami mai kwarjini shi ne wanda in ya doso aji ake jin faɗuwar allura. Ba na raina wannan. Hadda na son natsuwa, nahawu na son zama.

Amma wa ya koya mana Hausa? Da dare bayan an ci tuwo, kaka ko yaya ta ce "Ƙulin ƙulifita", yara su amsa "Gauta". Ta ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." A yi ta lalube har wani ya ce tsintsiya. "Baba na ɗaka, gemu na waje." In an kasa a ba ta gari, ta ƙi wannan ta karɓi wancan, sannan ta faɗi amsa. A nan yaro ke koyon siffanta abu ba tare da ya kira sunansa ba, a nan yake jin sunayen garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Sai a koma karya harshe: da kwaɗo da ƙato suka je ƙoto, ƙato ya yi ƙoto, kwaɗo ya yi ƙoto, a yi ta maimaitawa da sauri har harshe ya sarƙe, a yi dariya, a sake. Wace makaranta ce ta fi wannan iya koyar da bambancin k da ƙ? 'Yan mata kuma su ƙirƙiri zaurance, suna cusa gaɓa cikin kowace kalma don kada manya su gane, wanda aikin ƙwaƙwalwa ne ba ƙarami ba. Harshen da muka fi ƙwarewa a kai da wasa muka tsotse shi. Me ya sa da an zo baƙon harshe, wanda ya fi buƙatar a lallaɓa yaro, sai mu ce sai da ɗaure fuska?

In kuwa wani na ganin abin ya saɓa wa ladabin ilimi irin na malamanmu, to ya koma zaure. Littafin da manyan almajirai ke karantawa don su nutse a lugga, Muƙamar Hariri, na malamin Basra ne da ya rasu a 1122, kuma cike yake da wasa da kalmomi. Akwai inda ake jera jimlolin da ko ta farko ka karanta ko ta ƙarshe abu ɗaya za su ba ka. Akwai wasiƙar da harafi ɗaya mai ɗigo, na biye marar ɗigo, har ta ƙare. A ɗaya daga cikin muƙamomin hamsin ma, gwarzon littafin malamin yara ne, yana kiran almajiransa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya kawo baitocin da babu harafi mai ɗigo a ciki, wancan ya kawo waɗanda duk haruffansu masu ɗigo ne. Ƙarni bayan ƙarni malaman Kano da Zariya da Sakkwato na karantar da littafin nan, ba wanda ya ce sun mayar da zaure dandali. Haka gasar baitoci da ɗaliban Larabci ke yi, inda kowa zai kawo baitin da ya fara da harafin da na abokin karawarsa ya ƙare da shi. Yaro kan haddace waƙoƙi da yawa don kawai kada a kayar da shi.

Akwai kuma hadisin nan da ke cikin Buhari, a littafin ilimi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ita ce misalin Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya ce ya faɗo masa a rai cewa dabino ce, amma ya ji kunya don shi ne ƙarami a wurin. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyadina Umar ya nuna masa da ya faɗa da ya fi masa daɗi. Ban ce wannan wasa ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake nunawa shi ne koyarwa ta hanyar jefa tambaya a bar mutane su laluba tana da asali mai daraja, kuma yaron da ya san amsa kunya ta rufe masa baki ba yau aka fara samun sa ba.

"Ai masu ƙoƙarin ne za su yi ta ci"

Wannan hujja ta malamai ce, kuma ita ce ta fi gaskiya cikin duka. Wasan da ba a tsara ba yakan ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Ka ce wanda ya riga ɗaga hannu shi ke da maki, to ka miƙa darasin ga 'yan bencin gaba, waɗanda dama ana yi musu lesin a gida. Na baya su koma 'yan kallo, sai dai yanzu kallon da hayaniya.

Mafi muni shi ne wasan fitarwa, wanda ake cewa duk wanda ya kasa ya zauna. Wa zai fara zama? Yaron da ya fi kowa buƙatar maimaici. Minti ɗaya ya yi a wasan, ya yi tara yana kallon waɗanda dama sun iya suna ƙara iyawa. Irin wannan ni ma ina adawa da shi. Haka wanda ake sa gidan da aka cinye tsallen kwaɗo ko sharar aji, ko a ce a yi musu ihu. Malamin da ya yi haka ya dawo da tsoron da ake gudu, ya sa masa sabuwar riga.

Gyaran kuwa ba wuya. A ba kowane yaro a gida lamba, malami ya jefa tambaya, a ba gida rabin minti su tattauna, sannan ya zaro lamba daga gwangwani. Ba wanda ya san wa za a kira, don haka dole mai ƙoƙari ya juya ya koya wa na kusa da shi, in ba haka ba gidansu ne zai faɗi. Abin da malami ɗaya ba zai iya yi wa yara 80 ba, sai ga yara goma sha suna taya shi ba tare da an roƙe su ba. Maki na gida ne, ba na mutum ba. Wanda ya kasa ba ya fita, gidansu dai ya ba da gari kamar yadda ake yi a kacici-kacici, sai dai garin ya kasance na ƙasar da ake Faransanci: Maraɗi, Damagaram, Agadas, Garwa, Marwa, Njamena, Kwatano. A riƙa sauya 'yan gida duk bayan 'yan makonni don kada wani layi ya zama shi ne na daƙiƙai a idon yara. In ajin haɗe yake maza da mata, kuma malami ya lura matan na noƙewa, ya ba su gidajensu daban. Sau da yawa daga nan ne ake gane ashe su ne suka fi riƙe kalmomin.

Batun kyauta kuma, ni ba na goyon bayan a riƙa raba biskit ko kuɗi. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa sun yi gwaji da yara 'yan nazare a Jami'ar Stanford, yaran da dama suna son zane. Waɗanda aka yi wa alƙawarin lambar yabo in sun yi zane, daga baya da aka bar su don kansu sai sha'awarsu ta ragu, ba kamar waɗanda ba a yi wa alƙawarin komai ba. Maki da alli a gefen allo ya isa. Yaro don ya ji daɗin canka daidai yake yi, kada a saye wannan daɗin da alewa, ranar da babu alewa a rasa duka biyun.

Hayaniya, manhaja, da kuɗi

Hayaniya matsala ce ta gaske. Yawancin azuzuwanmu ba silin, tagogi ba marufi, malamin lissafi na maƙwabtaka na da haƙƙi. Amma ba kowane wasa ne na ihu ba. Yaranmu dama suna yin wani a ɓoye a bayan littafinsu: a kira harafi, kowa ya rubuta suna da dabba da gari da abu da suka fara da shi. A fito da shi fili a mayar da shi Faransanci, ba abin da za ka ji sai ƙarar biro. Akwai sarƙar kalmomi a rubuce, takarda na zagaya layi, kowa ya ƙara kalmar da ta fara da harafin ƙarshe na ta gabanta. Mai ƙarar kuma a ajiye shi sai mintocin ƙarshe kafin tara, ko a fita gindin bishiya.

Masu cewa manhaja ta yi yawa, ba lokaci, sai na tambaye su: gama manhaja ake nema ko iya harshe? Jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO, wadda ba a shiga jami'a sai da kiredit a cikinta, ta ƙunshi karanta labari a amsa tambayoyi, da taƙaitawa, da rubuta insha'i. Duk waɗannan kalmomi suke ci. Paul Nation, masanin koyon kalmomi na ƙasar New Zealand, ya ƙiyasta cewa mai son karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da yana duba ƙamus a kai a kai ba yana buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ba a tara wannan a zangon ƙarshe na aji shida, ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu kuma da ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar a watan Nuwamban 2025 cewa an soke tsarin 2022 na koyarwa da harshen uwa a firamare, an koma Turanci tun daga tushe, yaron ƙauye zai riƙa jin lissafi da kimiyya da harshen da bai mallaki kalmominsa ba. Ko mutum na goyon bayan matakin ko yana adawa da shi, duk dabarar da za ta cusa wa yaron nan kalmomi da wuri ta zama dole.

Kuɗi kuwa ba hujja ba ne. Murfin kwalbar lemo ɗari da biro mai kauri sun ba ka haruffan haɗa kalma. Kwalin taliya in an yayyanka ya zama kati. Mai waya na iya sauke Duolingo, abin koyon harsuna ta waya, ya ƙara da shi a gida, amma ajin ba ya jiran waya ko wutar lantarki.

Inda wasa ya tsaya

Kada a ce na ce wasa ya isa. A 2015 wani mutumin New Zealand, Nigel Richards, ya lashe gasar duniya ta Scrabble, wato wasan jera haruffa a haɗa kalma, ta Faransanci a ƙasar Beljiyam alhali ba ya jin Faransanci. Haddace kalmomin ƙamus ya yi cikin 'yan makonni, bai damu da ma'anarsu ba. A shekarar ce kuma ɗan Najeriya, Wellington Jighere, ya ci ta Turanci a birnin Perth na Ostareliya, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan, abin alfahari gare mu duka. Amma labarin Richards gargaɗi ne ga malami. Ana iya gwanancewa a jera haruffa ba tare da an iya ce wa mutum ina kwana ba.

Shi ya sa na fi son wasan da ke tilasta jimla a kan wanda ke neman kalma tsura. A zaunar da yaro ya ba allo baya, a rubuta kalma, 'yan gidansu su yi ta siffanta masa ita da Faransanci har ya canka, ba nuni da hannu, ba Hausa. A ba gida kalmomi biyar a ce su ƙulla labari da su. A sa su mayar da kacici-kacicin Hausa zuwa Faransanci su jefa wa ɗaya gidan. Kuma kalmomin su fito daga darasin jiya ko na makon jiya. Wasan da malami ya ƙirƙira don bai shirya darasi ba, ko don ya samu ya duba wayarsa, wannan sakaci ne, a kira shi da sunansa. Minti goma ne cikin arba'in. Sauran talatin na nan na bayani da karatu da rubutu da gyaran kuskuren da malami ya tsinta yana saurare lokacin wasan.

Akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba da ke sa wasu malamai gudun wasa. Kwafe allo na rufa asiri. Malamin da Faransancinsa bai nuna ba zai iya shekara yana kwafo littafi zuwa allo ba a gane ba, amma da ya buɗe ƙofar wasa, wani yaro zai tambaye shi yaya ake cewa mazari ko ludayi, ya rasa. Ba na zargin malamin. Da yawa an tura su koyar da darasin ne don ba wani, wasu kuma tun zaman da suka yi a Ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991, ba su sake samun wanda za su yi hira da shi ba.

Wannan na hukuma ne ta gyara. Kwalejojin ilimi su sa tsara wasan kalmomi cikin abin da ake duba ɗalibin NCE a kai lokacin koyarwar gwaji. Sufeton da ke zagaya makarantu, bayan ya duba littafin shirin darasi da yawan rubutun da yara suka kwafa, ya zauna a bencin baya ya ƙirga yara nawa suka furta jimla da bakinsu kafin a buga ƙararrawa. Shugabannin makarantu kuma su sayi ƙamus ko ɗaya ne su ajiye a teburin malamin harshe, su gaya masa a fili cewa in yaro ya tambayi kalmar da bai sani ba, ya miƙa wa yaron ƙamus ɗin su nemo tare, gidan da ya kawo tambayar kuma a ƙara masa maki.